Allon Bakin Layinmu

Asabar, bayan la'asar

Munawwara ta ce in riƙa rubutu maimakon in zauna ina zuba wa bango ido. Ita ce autata, a nan Birnin Kudu take aure, kuma ita ke kawo mana abinci asibiti safe da yamma. Ta zo mini da ragowar littafin makarantar 'yarta da biro. Na tsufa ina sa yaran firamare a Gwaram su rubuta abin da suka yi jiya, yau ga ni ban san ta inda zan kama ba.

Ranar Alhamis Malam, wato maigidana, ya sha kokonsa ya tafi gona. Maimai ya rage masa a ɓangaren dawa. Kafin azahar sai ga maƙwabcinmu Alhaji Yunusa ya shigo da shi goye a baya, ko sallama babu. Mutumin da shi kansa gwiwa ke hana shi ruku'u sosai. Ba zan rubuta yadda na ga fuskar Malam ba. Sunan da likita ya kira ma ba zan rubuta ba.

Asibitinmu na gari suka ce a wuce da shi nan. Kafin in nemo mayafina an samo mota, har yanzu ban san wanda ya samo ta ba. Kansa na kan cinyata duk hanya. Sai da muka wuce Sara ya buɗe ido, ya dube ni, ya mayar ya rufe.

Yana numfashi. An ba mu gado kusa da taga. Alhamdulillahi.

Lahadi, da hantsi

Na sa yatsana a tafin hannunsa na hagu, ya matse. Na dama kuma yana inda na ajiye shi.

Litinin, bayan azahar

Barci yake ta yi, ni kuma tunanina ya koma kan abin da bai kamata ya dame ni yanzu ba, wato maganar allo.

Tun farkon damina ƙaramar hukuma ta kafa kwamitin sa wa tituna da layuka suna. Aka ce kowane layi mutanensa su zauna su zaɓi suna, mai unguwa ya amince, a kai wa kwamiti, su kuma su kafa allon ƙarfe a bakin layin. Alhaji Yunusa ne wakilin unguwarmu a wurinsu. Namu layin bai ɗauki dogon zama ba, don tun kafin a haifi rabin mutanen cikinsa da sunan Malam ake kiransa. Ɗan acaɓa ko mai kura, ka ce masa Layin Hambali, zai kawo ka har ƙofar gidanmu. Ga shi na rubuta sunan. Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa faɗinsa da bakina ba, ashe hannu ya fi baki rashin kunya.

Mu ne muka fara gini a wannan gefen garin. Shi ya bar hanyar a cikin gonarsa, shi ya dasa darbejiyar da yanzu ake zama a inuwarta. Da aka zo aka gaya masa an zaɓi sunansa, cewa ya yi wannan ai aikin banza ne, suna a ƙarfe ba ya cika rumbu. Washegari da safe na leƙa waje, na gan shi da fartanya yana share ciyawar bakin layi, daidai inda aka ce za a kafa allon. Da ya hango ni sai ya ce wai maciji ya gani a wurin.

Na yi dariya a ranar. Yanzu ma da na tuna sai da na yi, har matar da ke jinyar mijinta a gadon kusa da mu ta juyo ta dube ni.

Talata, da safe

Ya haɗiye koko cokali uku. Na huɗun ya zubo ta gefe. Alhamdulillahi.

Laraba, bayan la'asar

Mota guda mutanen layinmu suka cika suka zo dubiya. Mazan suka shiga suka yi addu'a, matan muka zauna a baranda. Talatu, matar Alhaji Yunusa, ta zo da dambun zogale da kunun gyaɗa a fulas, da zannuwana da ta shiga ɗakina ta ɗebo, har da carbina da na manta a kan taga. Ita ke ba kajina hatsi. Ta ce akuyar nan mai taurin kai ta haihu, biyu, duk mata.

Ta ce Alhaji ya kira gayya ranar Asabar, za a gama wa Malam maimai a sa taki. Ban roƙi kowa ba. Ko tunanin gonar ban yi ba tun da muka zo, alhali ita ce abincinmu na shekara. Sai na yi ta cewa Allah Ya saka, Allah Ya saka, kamar wadda ba ta san wata kalma ba.

Suna ta hirar alluna. An kafa na layin asibitin dabbobi, an kafa na bayan makaranta, kore ne da farin rubutu. Wani layin har an yi rigima, gida biyu kowa na son sunan kakansa. Na tambaya ko namu ya iso. Sai wata ta ce hadari na haɗowa, gara su kama hanya.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Talatu ta dawo ita kaɗai. Na tsare ta, don na san ta, ba ta iya riƙe magana ta kwana biyu ba tare da ta yi ciwon kai ba.

Ta ce kwamiti ya dawo da sunan layinmu. Ashe a ƙa'idarsu ba a sa sunan mai rai, sai wanda ya riga mu gidan gaskiya. Wai don kada masu kuɗi da 'yan siyasa su cika gari da sunayensu, kuma mutum ba a gama saninsa sai ya gama. Na ce to, wannan ai magana ce mai hankali, sai a zaɓi wani sunan. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta.

"Ai Alhaji ya roƙe su a ɗan dakata da namu tukuna," in ji ta.

"A dakata sai me?"

Ta kawar da kai. Ni ma ban sake tambaya ba. An kafa ƙarfen, ta ce, har an zuba masa siminti, allon ne kawai ba a ɗaura ba.

Na raka ta bakin ƙofar asibiti kamar kullum. Na gode mata da tuwon da ta kawo. Da na dawo ban iya ci ba, na ba masu jinyar ɗakin.

Asabar, da yamma

Alhaji Yunusa ya zo daga wajen gayya, da ƙasar gonarmu a ƙafarsa. Da na hango shi sai na ɗauki bokiti na tafi famfo, na zauna can har ya tafi.

Lahadi

Yau ba daɗi. Zazzaɓi ya rufe shi tun safe, an ƙara masa ruwa, an sa masa abin nan na hanci. Likita ya ja mijin Munawwara gefe, sun daɗe. Da ya dawo ya ce mini ba komai, Inna, addu'a za a ci gaba da yi. Bai dube ni ba yana faɗa.

Ƙarfe a tsaye a bakin layi, babu allo. Duk inda na juya shi nake gani.

Litinin, da asuba

Yana nan.

Talata, bayan azahar

Zazzaɓin ya sauka. Malama Lailatu, nas ɗin da ke duba shi da safe, ta ce wannan tsohon naki jarumi ne. Ta koya mini yadda zan riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ba ta gaji da nuna mini ba har na iya. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai Munawwara ba, amma hannunta akwai albarka.

Gadon kusa da mu an cire zanin. Matar nan 'yar Wurno da muke raba goro da ita, 'yan'uwan mijinta sun zo da safe sun tafi da ita. Ta bar mini tabarmarta, ta ce ta fi tawa kauri, siminti na da sanyi da damina. A cikin abin da take ciki ta tuna da ƙuguna. Ko sunanta na gaskiya ban sani ba, Maman Ahmad muke ce mata. Allah Ya jiƙan nata, Ya ba ta haƙuri.

Na zauna a kan tabarmar ina lissafin mutanen da suka tsaya mana, sai na ga duk ta inda na fara, sai na biyo ta kan mutumin da nake gudu.

Laraba, bayan la'asar

Yau Alhaji Yunusa bai bar ni na gudu ba. Ya same ni a baranda ina wanke kofuna, ya tsuguna nesa kaɗan, da gwiwar tasa, ya gaishe ni. Ya ce an gama gonar, dawa ta yi kyau, geron ma ya fara fitar da kai. Na ce an gode. Ya ce Talatu ta gaya masa abin da ta faɗa mini.

Na yi niyyar in yi shiru, amma bakina ya riga ni. Na ce Alhaji, shekarun nan duka kuna cin tuwo a kwano ɗaya, ashe har ka gama yi masa lissafi. Na ce ƙarfen nan da kuka kafa, kullum mutane na wucewa suna ganinsa, kowa ya san abin da yake jira.

Sannan ya ce, "Malama, ni na ɗauko shi daga kunya. Na ga abin da na gani. Washegari suka ce in kawo wani suna a ranar, in ba haka ba su sa lamba. In aka ɗaura allo ba a sake canzawa. Sai na ji ba zan iya ba da layinsa ga wani ba alhali yana kwance."

Ya ce bai yi tunanin yadda abin zai zo mini ba sai bayan ya faɗa. Ya ce tun ranar, duk sallar da ya yi sai ya roƙi Allah ƙarfen nan ya yi tsatsa a tsaye, ya shekara ashirin babu allo. Da ya zo nan sai ya cire hularsa yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu.

Na zuba masa ruwa a kofin da na wanke. Ya sha. Na ce ya shiga, abokinsa ya farka.

Alhamis, da hantsi

Malam ya fara neman magana. Kalmomin na fitowa a tauna, sai na kai kunnena kusa. Ruwa. Sallah. Jiya ya ce "kai" da Malama Lailatu ta soka masa allura, duk ɗakin aka yi murna.

Yau da hannun hagu ya zana abu mai kusurwa huɗu a iska, ya nuna ƙirjinsa, ya ɗaga mini gira ɗaya. Na gane sarai, na yi kamar ban gane ba. Na ba shi ruwa, ya kawar da kai. Na gyara masa matashi, ya sake zanawa. Mutumin da ya ce aikin banza ne.

Na ce ban taɓa ɓoye masa magana ba, ba yau zan fara ba. Na gaya masa duka, da ƙa'idar, da ƙarfen, da abin da Alhaji ya roƙa. Ina faɗa ina kallon fuskarsa.

Sai na ga cikinsa na motsi. Na tsorata, na miƙe zan kira nas, ya riƙe mini zani. Dariya yake yi. Da rabin baki, hawaye na gangarowa ta ido ɗaya, amma dariya ce. Ya ja numfashi ya ce, a rarrabe, "Ban... shirya... ba."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka shigo da shi.

Juma'a, da yamma

Tun safe yake nanata wata kalma. Na ɗauka bargo yake so, na rufa masa, ya ture. Munawwara ta ce ko barkono yake cewa. Sai da ya zana allon nan a iska ya sake faɗa sannan na ji. Barira.

Munawwara ta ce wace ce Barira. Na ji kunya da 'yata ba ta sani ba.

Lokacin da muka tare a gefen garin nan, babu kowa sai mu da wata ruga a bayan gonarmu. Inna Barira ce babba a rugar, mijinta ya rasu, ita ke riƙe da 'ya'ya da shanu. Hanyar da yanzu motoci ke bi, shanunta ne suka taka ta, nan suke bi zuwa rafi safe da yamma. Shekarar da Malam ya zo zai shinge gonar, ta zo ta tsaya da ƙwaryarta a ka, ta ce masa, ɗan nan, in ka toshe nan ta ina za mu sha ruwa. Ya janye shingen ya bar musu burtali mai faɗi. Mutanen da suka zo daga baya sun tarar da hanya a gonarsa, suka ce tasa ce.

Amma na san ba don hanyar kaɗai ya tuna ta ba. Da na haifi ɗanmu na fari, wanda yanzu yake aiki a Fatakwal, na yi ciwon da nonona ya ƙafe. Uwata na nesa. Inna Barira ta riƙa zuwa kullum da madarar da ta tatso da ɗuminta, ta dafa, ta ɗura masa da ɗan ludayi, ta dama mini fura ta tsaya sai na shanye. Har ya yi ƙwari ba ta fasa ba, kuma ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar gero ba. Ta rasu kafin a haifi Munawwara. Da gari ya ci makiyayar, 'ya'yanta suka tashi suka koma wajen Fagam, zumunci ya yanke.

Na kira Alhaji Yunusa a wayar Munawwara, na ce ga abin da abokinka ya ce. Ya ce shi ma ya sha nonon rugar nan yana saurayi.

Lahadi, bayan la'asar

An yi zaman layi jiya a gindin darbejiya, Talatu ta kawo mini labari da zafinsa. Ba a sha da daɗi ba. Wasu suka ce ba su san ta ba. Wani ya ce duk garin babu layi mai sunan mace, za a yi mana dariya. Wani kuma, ba zan rubuta ko wane ne ba don 'ya'yansa sun yi mana gayya, ya ce ai ba 'yar gari ba ce. Aka kawo shawarar Layin Masallaci, Alhaji ya ce wata unguwa ta riga mu, kuma ba a maimaita suna a gari ɗaya.

Ta ce Alhaji ya miƙe ya ce duk wanda ke wurin nan ita ta riga shi zama, in ana maganar ɗan gari to mu ne baƙinta. Mai unguwa ya bari kowa ya gama, sannan ya ce shi abu ɗaya ya sani: mun ce muna son mu girmama mutum, an tambaye shi, ya faɗi abin da yake so daga gadon asibiti, wa zai je ya ce masa a'a. Babu wanda ya ɗaga hannu.

Saura yardar iyalinta, don kwamiti ba ya sa sunan mamaci sai magadansa sun amince. Ba wanda ke da lambar kowa a cikinsu.

Talata

Masu gashin ƙashi sun zaunar da shi a bakin gado. Ya zauna, ya yi gumi, ya harare su. Alhamdulillahi.

Alhamis, bayan azahar

Alhaji Yunusa ya hau babur jiya ya tafi Fagam neman 'ya'yan Inna Barira. Ruwa ya kama shi a hanya, ya fake a wata rumfa, wani rafin sai da aka taya shi ɗaga babur ɗin. Ruga uku ya shiga kafin a nuna masa ta Sabo, babban ɗanta. Ni na san Sabo yana saurayi mai kitso da sanda a kafaɗa. Wai yanzu gemunsa fari fat.

Yau ya zo yana ba Malam labari, yana tari. Ya ce da ya ambaci ƙaramar hukuma sai Sabo ya ɗaure fuska, ya ce shanunsu ba su shiga gonar kowa ba. Da ƙyar ya fahimtar da shi ba ƙara aka kawo ba. Da ya gane, sai ya tashi ya shiga cikin shanu ya daɗe, ya bar baƙo a zaune. Ya dawo ya ce shi kaɗai ba zai yanke ba, sai da ƙannensa mata, aka aika aka kira su. Ɗayar ta tambaya ko za a biya wani abu duk shekara. Ɗayar ta ce ita dai tana so ta san wa ya tuna da Inna bayan shekarun nan. Da aka faɗa musu, Sabo ya ce, mai shingen nan, yana raye ashe. Alhaji ya ce yana raye.

Sun yarda. Sun haɗo shi da man shanu a kwalba, wai a riƙa shafa wa Malam a hannun.

Na dafa wa Alhaji citta da kanumfari a risho ɗin Munawwara saboda tarin. Abin da na iya ke nan.

Asabar, da safe

Likita ya zaunar da ni da kaina wannan karon, na kuma gode masa da hakan. Ya faɗi abin da yake sa ran zai dawo, ya faɗi abin da ba ya sa rai. Ya faɗi abin da za mu kiyaye don kada a sake. Na tambaye shi gona, ya girgiza kai. Ban gaya wa Malam wannan ba tukuna, na bar shi sai mun je gida.

Jibi za a sallame mu.

Litinin, bayan magariba

Gida. An share tsakar gida, an cika randuna, an gyara inda katanga ta zube da ruwan makon jiya. Wani ya kafa gora daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida don Malam ya riƙa dafawa. Na tambayi wanda ya yi, kowa ya ce ba shi ba ne.

Da motar ta karyo bakin layi na so in kare masa ƙarfen da jikina. Ya leƙa ta bayana ya gan shi, ya ɗaga masa hannun hagu kamar mai gaida wanda ya zo da wuri.

Laraba

Yau ya jefar da cokali. Ya ƙi magana da kowa, har Alhaji. Ya ga fartanyarsa a jingine a zaure, ina jin shi ke nan. Na ɗauke ta na kai ɗakin hatsi, sai kuma na ga kamar na yi laifi, na mayar da ita inda take.

Ban gaya masa abin da likita ya ce ba. Ina ganin ya riga ni sani.

Alhamis, da hantsi

Ya ci tuwo. Ya bari na shafa masa man. Ya ce in kira masa Alhaji.

Asabar, bayan la'asar

An ɗaura allon yau.

Ba wani biki aka shirya ba. Ma'aikata biyu suka zo da tsani, mai unguwa ya zo, mutanen layi suka fito. Malam ya ce a sa masa farar rigarsa. Aka ɗauko kujera za a kai shi a kai, ya ƙi. Da sanda a hagu, Alhaji Yunusa a dama, gurgu na jan gurgu in ji Talatu, suka taka har bakin layi. Sun tsaya hutawa a gindin kusan kowace darbejiya. Ba wanda ya gaggauta su. Ni ina biye da kujerar.

Muna isa sai ga a-kori-kura ta tsaya, mutanen Fagam suka sauko, ba mu san za su zo ba. Sabo da ƙannensa biyu da 'ya'ya da jikoki, matan da ƙore a naɗe cikin zane, kindirmo da fura har da zakara. Ƙaramar, wadda na sani tana 'yar yarinya, ta kama hannuna ta ce, ke ce mai jaririn nan. Na ce ni ce, jaririn yanzu 'ya'yansa huɗu.

Sabo bai gane wurin ba. Ya yi ta juyawa yana neman inda rugarsu take, aka nuna masa, yanzu shagon mai cajin waya ne. Ya tambayi rafin, aka ce yana nan, ya dai janye. Sannan ya zo ya tsuguna gaban Malam, suka riƙe hannu.

Da ma'aikatan suka sauko daga tsani, ya miƙe ya je ya tsaya a ƙarƙashin allon, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce shi bai yi boko ba, a karanta masa. Jikokinsa sun iya, mai unguwa ma har ya buɗe baki, sai Sabo ya juyo ya ce a'a, mai shinge zai karanta.

Malam bai taɓa haɗa kalma uku a gaban mutane ba tun da abin ya faru, ko a ɗaki sai ya yi ta fama. Na so in ce a bar shi ya gaji. Ya dafa kafaɗar Alhaji ya miƙe. Ya kalli allon. Bakinsa ya yi ta rawa, wurin ya yi tsit har ana jin kukan zakaran nan a cikin buhu.

"Layin," ya ce. Ya huta. "Inna." Ya sake hutawa, gumi na zubo masa. "Barira."

Ya fita sarai, har ra ɗin.

Sabo ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska. Da ya buɗe sai ya ce, "Tun da muka binne ta ban ƙara jin wani ya kira sunanta da ƙarfi ba. Malam, ƙara faɗa."

Ya ƙara.